Darasi na Bakwai: Abin da ke Juya Moto, da Abin da ke Ƙona Shi

Daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Kunci zuwa Minjibir, da wuya a shiga gari mai wuta ko mai farantan sola ba a tarar da moto yana aiki ba. Shi ne a cikin fankar masallacin Juma'a, shi ne a ƙasan rijiyar burtsatse yana turo ruwa zuwa tanki, shi ne ke tayar da babur idan an danna maɓalli, kuma a wasu wuraren niƙa da casar shinkafa ya maye gurbin injin gas. Moto na'ura ce da ke karɓar wutar lantarki ta mayar da ita juyi. Ba ya shan mai, ba ya fitar da hayaƙi. In kuka ga hayaƙi na fita daga cikinsa, to aiki ya riga ya lalace.

Akwai masu gyara da yawa a garuruwanmu da hannunsu ya faɗa wajen naɗa kwayil, amma moton da suka gyara yakan dawo musu a ƙone kafin kasuwa ta zagayo sau uku. Ba rashin ƙwarewa ba ne. Sun gyara ƙunar ne, ba su nemi abin da ya jawo ta ba. Wanda ya san dalilin da ya sa moto ke juyawa, shi ne zai gane dalilin da ya sa yake ƙonewa, domin abu ɗaya ne ke haifar da duka biyun. Abin da nake so ku fita da shi daga wannan darasi ke nan.

Wuta da maganaɗisu

Ku samo ƙusa mai inci shida, da siririyar wayar kwayil, da batirin tocila. Ku naɗa wayar a jikin ƙusar kamar sau 50, ku kankare bakunanta biyu, ku ɗora su a kan batirin. Ƙusar za ta fara ɗaukar allura da ƙananan ƙusoshi. Ku cire waya ɗaya, duk su zube. Idan akwai mai kamfas irin na duba alƙibla, ya matso da shi kusa da kan ƙusar, zai ga allurarsa ta karkata. A juya batirin, allurar ta karkata ta ɗaya ɓangaren. Kada ku daɗe riƙe da wayar, tana yin zafi.

Abin da kuka gani shi ne abin da wani malami ɗan ƙasar Danmak, Hans Osted, ya lura da shi a shekarar 1820: duk wayar da wuta ke bi ta cikinta takan zama maganaɗisu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1821, Maikel Farade ya sa waya mai wuta ta riƙa zagaya maganaɗisu a Landan ba tsayawa. Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, Arewa da Kudu. Iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Idan aka jera kwayil a jikin gidan moto, aka sa wani maganaɗisu a tsakiya wanda zai iya juyawa, turi da jan nan su ne za su juya shi. Ɓangaren da ke tsaye ana ce masa siteta, mai juyawa kuma rota.

A 1831 Farade ya gano ɗaya fuskar al'amarin. Idan ƙarfin maganaɗisu ya gifta waya, wuta na haifuwa a cikin wayar ko da ba a haɗa ta da batir ba. Janareta a kan wannan yake aiki. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa sau biyu.

Moto mai kabon

Matsalar farko ita ce, da zarar Arewan rota ya cimma Kudun siteta, sai juyi ya tsaya. Dole a sauya hanyar wutar a daidai wannan lokaci, domin abin da ya jawo shi ya koma yana ture shi gaba. A moto mai aiki da batir, zoben jan ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke kan amecha, wato rotarsa, shi ke wannan aiki, kabon guda biyu ko huɗu kuma suna goga a jikinsa suna ba shi wuta. Irinsa ne a sitatar babur da ta mota. Ɗan'uwansa da ke karɓar wutar gida shi ne a injin huda, da garanda, da moton keken ɗinki. Suna da ƙarfi tun daga tashi, suna da gudu, suna da ƙara. Cutarsu sananniya ce: kabon ya cinye, zobe ya yi baƙi ko ya yi rami, tartsatsi ya yawaita. A sauya kabon da girmansa daidai, a goge zoben da takardar yashi mai laushi, a share tsagoginsa.

Akwai wata dabarar kuma. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani irin na gefen madatsar Watari a Bagwai da ta Tomas a wajen Ɗambatta suke ƙara waiwayar famfon sola. Da yawa daga cikin motocin waɗannan famfuna ba su da kabon. Rotarsu maganaɗisu ce ta dindindin, akwatin kwantirola kuma shi ke sauya wutar daga kwayil zuwa kwayil. Irin wannan moto ba ya juyawa sai da akwatinsa, don haka kada a haɗa shi kai tsaye da faranti ko da wutar gida.

Moto mai keji da wutar fes uku

A nan za mu daɗe, domin shi ne moton da ya fi kowanne yawa a masana'antu, daga injinan gyaran riɗi na Dawanau zuwa na casar shinkafa.

Wutar da KEDCO ke rabawa a jihohin Kano da Katsina da Jigawa ba irin ta batir ba ce. Tana kai da komowa sau 50 a kowane sakan. Abin da ake nufi da 50Hz ke nan. A ƙa'ida, tsakanin wayar fes ɗaya da nutural bolt 230 ne, tsakanin fes da fes kuma bolt 400, ko da yake za ku ga tsofaffin motoci an rubuta musu 240 da 415. Wayoyin fes ukun ba sa kai ƙarfinsu a lokaci guda. Ku tuna mata uku suna lugude a turmi ɗaya: taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na tashi, ta ukun na kan hanya, turmin bai taɓa zama babu bugu ba. Haka fes ukun suke karɓeɓeniya. Idan aka ba kowanne nasa kwayil, aka raba su daidai a kewayen siteta, sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa tashi daga wannan kwayil zuwa na gaba, yana zagaye, alhali babu wani ƙarfe da ya motsa. Galileyo Feraris a Italiya da Nikola Tesla a Amurka kowannensu ya gano wannan, kuma dukansu sun bayyana aikinsu a 1888.

Yanzu ku zaro rotar irin wannan moto ku duba. Babu waya, babu kabon, babu inda ake ba ta wuta. Dunƙulen faya-fayen ƙarfe ne da aka matse, an zuba alminiyon a cikin ramukansa ya zama sanduna, an haɗe bakunansu da zobe gaba da baya. Wannan shi ne kejin. To daga ina take samun ƙarfi? Daga binciken Farade na 1831. Maganaɗisun da ke zagaye yana gifta sandunan, wuta ta haifu a cikinsu, su ma su zama maganaɗisu, sai rota ta bi bayan wanda ke zagayen.

Tana bin sa, amma ba ta taɓa cimma sa. Da za ta yi gudu daidai da shi, da ya daina gifta sandunan, wuta ta daina haifuwa, ƙarfi ya ƙare. Dole ta ɗan yi baya. Gudun maganaɗisun ana lissafa shi haka: a ninka 120 da 50, a raba da yawan kawunan maganaɗisun da aka naɗa. Mai kai 2 yana zagaye 3000 a minti, mai kai 4 yana 1500, mai kai 6 yana 1000. Shi ya sa a jikin moto mai kai 4 za ku ga an rubuta 1440 ko kusa da haka. Giɓin 60 ɗin nan, wato kashi 4 cikin ɗari, shi ne ratar da rota ke bari.

A wannan ratar asirin ƙuna yake. Idan kaya ya yi wa moto nauyi, rota na ƙara yin baya, gifta ya ƙaru, wutar cikin sanduna ta ƙaru, siteta ya ƙara jan wuta daga layi. Idan kuwa rota na tsaye cak, giftar ta kai iyaka. Saboda haka a lokacin tashi moto yakan ja wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ja in ya kama gudu. Sakan biyu ko uku ba komai. Amma moton da aka ba wuta, ya kasa juyawa, yana gurnani, duk wutar nan zafi take zama a cikin kwayil. A moto mai kabon ma haka ne: idan amecha na juyawa, tana haifar da wutar da ke tokare wadda ke shigowa, in ta tsaya kuma babu mai tokarewa. Duk lokacin da kuka ji gurnani babu juyi, ku kashe nan take, bincike ya biyo baya.

Abu biyu na aiki. Idan moton fes uku yana juyawa baibai, a kashe wuta a musanya kowaɗanne wayoyi biyu cikin ukun. Sannan kwayil ukun ana haɗa su ta hanya biyu, sita ko dalta; manyan motoci ana tayar da su da haɗin sita, in sun kama gudu a mayar da su haɗin dalta, domin wutar tashi ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Fes ɗaya da aikin kafasita

Yawancin gidaje da shagunanmu fes ɗaya suke da shi. Da kwayil ɗaya da fes ɗaya, maganaɗisu ba ya zagaye, gaba da baya kawai yake yi, rota ta rasa inda za ta nufa. Kowa ya taɓa ganin fankar sama da aka kunna tana gurnani, sai an sa sanda an tura fiffikenta sannan ta kama. Idan kafasitarta ta mutu gaba ɗaya, duk ɓangaren da aka tura ta nan za ta bi.

Maganin shi ne a naɗa kwayil na biyu a gefe, a bi da wutarsa ta cikin kafasita. Kafasita na sa wutar wannan kwayil ta riga ta babban kwayil kai ƙarfinta, sai a samu karɓeɓeniya, maganaɗisu ya zagaya. Ta fankar sama ƙarama ce, kusan 2.5 a ma'aunin maikurofarad, kuma tana aiki muddin fanka na juyawa. A wasu famfuna da injinan markaɗe kuwa akwai babbar kafasita ta tashi kawai, da wani makunni a cikin moton wanda gudu ke buɗe shi idan rota ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na gudunta. Ƙaras ɗin da kuke ji idan an kashe irin wannan moto yana dab da tsayawa, makunnin ne ya koma mazauninsa. In ya maƙale a rufe, kwayil ɗin tashi, wanda wayarsa siririya ce, ba zai jima ba zai ƙone.

Na sha ganin an kwance fanka an kai naɗi alhali kafasita ce kawai ta yi rauni. Wannan asarar kuɗin mai fanka ce, kuma zubar da mutuncin sana'a ne. A fara gwada kafasita, a sauya ta da mai lamba daidai da tata. Kafin ku taɓa bakunanta ku sauke wutar da ta riƙe, domin takan ajiye wuta bayan an kashe layi.

Ɗan farantin da ke jikin moto

Kafin sukundireba, a fara da tsumma. A goge ɗan farantin da aka liƙa a jikin moton a karanta. V shi ne bolt ɗin da yake buƙata, A shi ne amfiyar da zai ja idan yana ɗauke da cikakken kaya. HP ƙarfin doki ne, kuma doki ɗaya wat 746 ne. RPM yawan juyi a minti. Idan moton fes uku ya ce 230/400, a wutarmu haɗin sita za a yi masa. Wanda ya yi masa dalta ya ɗora wa kowane kwayil bolt 400 a maimakon 230, kuma ba zai daɗe ba. Idan ya ce 400/690, to dalta ne haɗinsa na aiki. Akwai kuma harafin da ke nuna juriyar rigar wayar: B tana jure maki 130 na zafi, F tana jure 155.

Lambar A ɗin nan ita ce alƙalinku. Ku maƙala mitar auna amfiya a waya ɗaya moton yana cikin aiki. In abin da ta nuna ya wuce na farantin, akwai matsala, ko da kuwa moton yana juyawa lafiya a ido.

Masu kashe moto a yankinmu

Na farko lo karan. Ƙauyen da ke ƙarshen dogon layi, ko unguwar da taransifomarta ta yi wa jama'a kaɗan, da magariba wutarsu kan sauka ƙwarai. Mutane na zaton ƙaramar wuta ba ta ɓarna, sai babba. Ga kwan fitila haka ne. Ga moto akasin haka ne, domin kayan da ke kansa bai ragu ba. Mu ɗauka yana jan amfiya 5 a bolt 230, wato 1150 idan an ninka. Idan wuta ta sauko 170, zai nemi kusan amfiya 6.8 don ya yi aikin nan. Zafin kwayil kuma ba daidai da amfiya yake hawa ba, da ninkinta a kanta yake hawa, don haka a nan ya kusa ruɓanya. Siririyar waya da aka ja mai nisa zuwa bakin rijiya ita ma lo karan take haifarwa, ko da wutar gari lafiya take. Haka ƙaramin janareta: saboda wutar tashi, a nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na moton sau biyu zuwa uku.

Na biyu faɗuwar fes ɗaya. Fis ya tsinke a taransifoma ko waya ta saki, moton fes uku ya ci gaba da juyawa a kan biyu. Mace ɗaya ta ajiye taɓarya, aikin ya koma kan sauran. Ƙararsa na sauyawa, jikinsa na rawa, cikin ɗan lokaci ya ƙone. Kwantakta mai obalod da aka saita daidai da amfiyar farantin ita ce kariya, kuma kuɗinta bai kai na naɗi ɗaya ba. Duk wanda ya cire obalod don yana yawan yanke wuta, ko ya ɗaure fis da waya mai kauri, ya toshe bakin mai gargaɗi ne.

Na uku zafi da ƙura. Yawancin motoci an ƙera su ne a kan iskar da ba ta wuce maki 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma takan kai haka, balle ɗakin niƙa mai rufin kwano. Ƙurar hunturu da garin dawa suna toshe ragar fankar baya, su cike tsagogin jikin moton. Masana harkar suna ƙiyasta cewa duk ƙarin maki 10 a kan ƙa'ida yana rage rayuwar rigar waya da rabi. Tsintsiya da buroshi sau ɗaya a mako suna ƙara wa moto shekaru.

Sumo, wato famfon ƙasan rijiyar burtsatse, nasa daban ne, ruwan rijiyar ne ke sanyaya shi. Da bazara, idan ruwan wasu rijiyoyin ya ja baya, sai a bar shi yana juyawa a bushe. A sa masa na'urar da ke yanke wuta in ruwa ya ƙare, ko a koya wa mai kula da rijiyar ya kashe da zarar ruwan ya fara zuwa da iska. Sai boris da ya bushe ko ya ci, da bel da aka ɗaure tamau, dukansu nauyi suke ƙarawa.

Ƙonannen kwayil yana faɗin abin da ya kashe shi, in an tsaya an duba. Ku buɗe murfin, warin ƙonannen banish zai fara tarbar ku. Idan duk kwayil ɗin sun yi baƙi bai ɗaya, nauyi ne ko lo karan ko rashin iska. Idan a haɗin sita kashi biyu sun ƙone ɗaya na nan da jansa, fes ne ya faɗi. A haɗin dalta kuma ɗaya ne ke ƙonewa biyu su tsira. Idan siririn kwayil na tashi ne kaɗai ya ƙone, a tuhumi makunnin ciki ko kafasita. Idan wuri ɗaya ne ya fashe sauran lafiya, wayoyi ne suka haɗu, galibi saboda laima ko rigar da ta tsufa.

Mai injin niƙa zai zo muku a fusace ya ce, "Malam, moton nan jabu ne, sau biyu ke nan ana naɗa shi." Amsar da ta dace ita ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kafin in taɓa shi a bar ni in zo shagon da yamma in auna wutar da ke shigowa, in ga bel ɗin da wayar da aka ja." Wataƙila ya ga kamar kuna ja masa rai. In kuka gano dalilin, ba zai sake kai aikinsa wani wuri ba.

Idan naɗin ya zama dole, a ƙirga zagayen tsohuwar wayar, a auna kaurinta, a zana yadda aka haɗa ta, duk kafin a yanke. Kada a babbake siteta da wuta mai ƙarfi don cire tsohon kwayil, domin hakan na lalata rufin da ke tsakanin faya-fayen ƙarfen, moton ya riƙa zafi har abada. A kankare sabuwar wayar tun a kanti: in cikinta fari ne, alminiyon ce aka yi wa rigar jan ƙarfe, kuma ba za ta ɗauki wutar da ta jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka ba.

Rai ya fi moto. A kashe wuta daga tushe, a gwada da tasta, a sanar da na kusa kada wani ya kunna. Jikin kowane moto a haɗa shi da wayar ƙasa, musamman na bakin ruwa. Babbar riga da rawani da mayafi ba sa zama kusa da bel mai juyawa.

Aikin gwaji

Kowane ɗalibi ya nemi moto ɗaya a garinsu, na famfo ko na niƙa ko na markaɗe, ya nemi izinin mai shi, ya kwafo duk abin da ke kan farantinsa. Daga RPM ɗin ya faɗi yawan kawunansa, ya lissafa ratar rota kashi nawa ce cikin ɗari. Waɗanda ke da mita su auna bolt ɗin wurin da hantsi, su sake aunawa bayan magariba, tare da wani babba da ya san aikin. A zo da sakamakon a zama na gaba, wanda ya samu matacciyar fanka kuma ya taho da ita, da ita za mu fara koyon gwada kwayil da kafasita.